Fountains: Gidan Ibadar da Ya Zama Kango

A arewacin Ingila akwai wani babban kango na dutse mai suna Fountains. A da gidan 'yan zuhudu ne, wato Kiristoci maza da suka bar aure da tara abin duniya, sai ibada da aiki.

Mutum 13 ne suka kafa shi a shekarar 1132, a kwarin kogin Skell. Sun fara da talauci. Daga baya suka kama kiwon tumaki, suna sayar da gashinsu ga fatake, har gidan ya shiga sahun mafi arziki a Ingila.

Da wannan arziki suka yi ginin dutse. Ɗakin ajiyar kayansu ya kai ƙafa 300 a tsawo. Jerin ginshiƙai ne a tsakiya ke riƙe da rufinsa mai bakan gizo, kogin kuma na bi ta ƙarƙashin wani sashe nasa. Hasumiyar cocinsu ta kai kimanin ƙafa 160. Ruwan kogin ne ke juya musu dutsen niƙa.

A shekarar 1539 Sarki Henry na 8 ya rufe gidan, ya ƙwace dukiyarsa. Wanda ya saya ya kwashe darmar rufi da katakai. Masu karatu sun san makomar ginin da aka yaye wa rufi: ruwan sama ne ke ƙarasa shi.

Duk da haka bangaye da hasumiyar suna nan tsaye. A 1986 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.