Yadda Kunne Yake Aiki da Hanyoyin Kare Lafiyar Kunnuwan Yara

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin iyaye da malaman makaranta da masu unguwanni da kansiloli na Unguwar Romi da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Chikun, da ma sauran jama'ar Jihar Kaduna baki ɗaya. Dalili kuwa shi ne, ciwon kunne yana daga cikin cututtukan da aka fi rainawa a gidajenmu. Za a ga yaro kunnensa yana zubar da ruwa wata da watanni, ƙudaje suna binsa, amma a ce ai na yarinta ne, zai bari in ya girma. Sau da yawa ruwan yakan tsaya, amma jin yaron ya riga ya ragu, kuma ba a ganewa sai ya shiga makaranta an fara kiransa daƙiƙi.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2021 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kuma miliyan 34 daga cikinsu yara ne. Hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara tana faruwa ne ta dalilan da za a iya kauce musu. Wannan shi ne abin da ya kamata ya tsaya wa kowane uba da kowace uwa a rai.

Sassan kunne

Abin da muke gani a gefen kai, wanda ake hudawa a sa 'yan kunne, ɓangare ne kaɗan na kunne. Masana sun kasa kunne gida uku: na waje, na tsakiya da na ciki.

Kunnen waje shi ne fatar kunne da ramin da ya shiga ciki. Aikin fatar shi ne tattaro sauti ta tura shi cikin ramin, wanda tsawonsa a jikin babba bai wuce santimita biyu da rabi ba. A ƙarshen ramin akwai wata siririyar fata a shimfiɗe kamar fatar ganga, faɗinta kusan santimita ɗaya. Ita ce ake kira dodon kunne. Sauti ba wani abu ba ne illa girgizar iska. Idan aka yi magana ko aka buga ƙofa, iska takan girgiza, girgizar ta shiga ramin kunne ta daki dodon kunne, shi ma ya kama rawa daidai da ita.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska a ciki, shi ne kunnen tsakiya. A cikinsa akwai ƙananan ƙasusuwa uku a jere, ɗaya yana riƙe da ɗaya, an kuma sa musu suna bisa ga kamanninsu: guduma, uwar maƙera da likkafa. Likkafar ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta kimanin milimita uku, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Waɗannan ƙasusuwa suna karɓar rawar dodon kunne, su ƙara mata ƙarfi, su miƙa ta ga kunnen ciki.

Kunnen ciki yana binne ne a cikin ƙashin kai. A nan akwai wani bututu mai cike da ruwa, a naɗe kamar katantanwa. Idan likkafa ta motsa, ruwan yakan motsa, sai ya kaɗa wasu ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, waɗanda yawansu ya kai kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne suke mayar da motsin ya zama saƙo, jijiyar ji ta ɗauka ta kai wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta bambance muryar uwa da kukan akuya. Muna so a riƙe wani abu a nan: waɗannan ƙwayoyin ba sa sake tsirowa. Wanda ya mutu daga cikinsu ya mutu ke nan. Har ila yau, a kunnen ciki ne ake da sashen da ke daidaita tsayuwar mutum, shi ya sa wani ciwon kunnen yakan zo da jiri.

Abin da ya sa yara suka fi kamuwa

Akwai wata 'yar hanya da ta haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci. Ita ce take shigar da iska cikin kunnen, take kuma fitar da ruwan da ya taru. Duk wanda ya taɓa jin kunnensa ya toshe, ya haɗiyi yawu ya ji ya buɗe, to wannan hanyar ce ta yi aiki. A jikin babba hanyar tana da tsawo, kuma a gangare take zuwa maƙogwaro. A jikin ƙaramin yaro kuwa gajera ce, kusan a kwance. Saboda haka idan mura ta kama yaro, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa, ƙwayoyin cuta sukan bi ta nan cikin sauƙi su shiga kunnen tsakiya, hanyar ta kumbura ta toshe, mugunya ta taru a bayan dodon kunne.

A wannan lokaci ne yaro yake zazzaɓi, yana kuka da dare, yana jan kunne, yana ƙin kama nono. Idan mugunyar ta yi yawa sai ta fasa dodon kunne ta fito. Da ta fito zafin yakan ragu, yaro ya yi barci, iyaye su ce an samu sauƙi. A nan ne kuskuren yake. Ruwan da ya fito shaida ce cewa dodon kunne ya huje. Idan aka ba da magani da wuri, hujin yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Idan aka bari, ya zama ƙofar da datti da ruwa za su riƙa shiga, mugunya ta ci gaba da cin ƙananan ƙasusuwan nan uku. Ma'aikatan lafiya suna ɗaukar duk kunnen da ya kai kwana 14 yana zubar da ruwa a matsayin ciwon da ya yi zurfi. Kuma tun da siririn ƙashi ne kawai ya raba kunnen tsakiya da ƙwaƙwalwa, cutar tana iya ƙetarawa ta haddasa sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Idan aka ga bayan kunne ya kumbura yana zafi, ko yaro yana amai da ciwon kai mai tsanani, ko wuyansa ya sanƙare, ko bakinsa ya karkace, to a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Hayaƙi yana ƙara wa wannan ciwo ƙarfi, na itacen girki ne ko na taba. Uwar da ke girki a ɗaki a rufe da goyo a bayanta ta sani cewa jaririn yana shaƙar abin da take shaƙa. Haka nan ba wa jariri madara a kwalba yana kwance. Shayar da nonon uwa zalla har wata shida kuwa yana rage kamuwa da ciwon.

Abubuwan da muke sa wa a kunne

Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce. Jiki ne yake yin ta domin ta kama ƙura da ƙwari, kuma da kanta take gangarowa waje a hankali. Wanda ya sa tsinken ashana ko gashin kaza ko murfin biro ko tsinke mai auduga, tura ta yake yi ciki, wani lokaci ma ya soke dodon kunne. Abin da ake buƙata kawai shi ne a goge bakin kunne da tsumma mai tsabta. Idan dauɗar ta daskare ta toshe kunne, ma'aikacin lafiya ne zai fitar da ita, ba mai sakace kunne na kasuwa ba, wanda da ƙarfe ɗaya yake bin kunnen kowa.

Mun san al'ada ce a ɗiga man ja ko ruwan albasa ko ruwan ganye ko nonon uwa a kunnen da ke ciwo. Ba mu ce masu yin haka da mugun nufi suke yi ba, amma idan dodon kunne a huje yake, duk abin da aka zuba kunnen tsakiya zai wuce kai tsaye. Kada kuma a toshe kunnen da auduga a bar ta. Abin da ake koya wa iyaye a asibiti shi ne su naɗe tsumma mai laushi da tsabta kamar lagwani, su sa a bakin ramin ya tsotse ruwan, su canza wani har kunnen ya bushe, sau uku a rana, sannan su ɗiga maganin da aka rubuta musu. Yaron da ke cikin wannan hali kada a bar shi ya yi wanka a rafin Romi ko a kududdufan damina, kuma a kiyaye ruwa ya shiga kunnen lokacin wanka a gida.

Yara sukan cusa wake ko masara ko dutsen ado a kunne. Kada a yi ƙoƙarin zaƙulowa, kada kuma a zuba ruwa, domin ƙwayar hatsi kumbura take yi. Idan ƙaramin batirin agogo ne, gaggawa ce, don yana ƙona nama cikin 'yan sa'o'i.

Sai kuma mari. Tafin hannu idan ya rufe kunne da ƙarfi, iskar da ya tura tana iya fasa dodon kunne nan take. Muna kira ga iyaye da malaman boko da na allo da su bar dukan yaro a kunne ko a kai, kowane irin laifi ya yi.

Cututtuka, magunguna da ƙara

Dattawa ba su manta da annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ba, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Da yawa daga waɗanda suka rayu sun tashi ba sa ji, domin sanƙarau kunnen ciki yake lalatawa. Ƙyanda da hangum su ma suna kurumtarwa. An fara gangamin allurar sanƙarau ta MenAfriVac a ƙasar nan a 2011, sannan a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Allurar ƙyanda ana yin ta a wata tara, a maimaita a wata 15. Duka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Katin rigakafin yaro, in an cika shi, kariya ce ga kunnensa. Kuma duk yaron da ya warke daga sanƙarau, a gwada jinsa ba tare da ɓata lokaci ba.

Jaririn da idonsa da jikinsa suka yi rawaya a makon farko, wato shawara, asibiti za a kai shi, ba shanya shi a rana ko jiƙo ba, domin idan ta yi tsanani takan taɓa jijiyar ji. A kuma guji sa kafur a cikin kayan jarirai, saboda yana tayar da shawara a jikin wasu. Akwai magunguna, kamar allurar jentamaisin, masu amfani ƙwarai a hannun likita, amma masu kashe ji idan aka wuce ƙima. Kada a yarda a yi wa yaro allura a kemis ba da takardar likita ba.

Game da ƙara, ana auna ƙarfinta da ma'aunin desibel. Hirar yau da kullum kimanin 60 ce. Daga 85 zuwa sama, idan aka daɗe a ciki, ƙwayoyin nan masu kama da gashi sukan fara mutuwa. Injin niƙa da janareta da lasifikar biki sukan wuce haka. Gwaji mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, wurin bai dace da yaro ba. Sau nawa muke aiken yarinya niƙa da ƙaninta a baya, ta tsaya a bakin inji har layi ya zo kanta?

Yadda za a gane yaro ba ya ji sosai

Jariri sabon haihuwa yakan firgita idan an yi ƙara mai ƙarfi. A wata shida yakan juya wajen da murya ta fito. A shekara ɗaya yakan amsa sunansa, ya fara cewa "mama" ko "baba". A shekara biyu yakan haɗa kalma biyu. Idan ba a ga waɗannan ba, kada a ce nauyin baki ne ya gado. Yaro da kunne yake koyon magana, kuma yawancin waɗanda ake kira bebaye harshensu lafiya lau yake, ji ne ba su samu ba. A aji kuma, malami ya lura da ɗalibin da ke yawan cewa "na'am?", ko yake kallon bakin mai magana, ko yake juyo da kunne ɗaya. A matso da shi gaba, a sanar da iyayensa.

Matakin farko shi ne asibitin kula da lafiya a matakin farko na gunduma. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba. Mutanen Romi suna da sa'a a nan, domin Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999, a cikin garin Kaduna take, ƙetaren kogi kawai. A can ana gwajin ji har ga jarirai, ana aikin gyaran dodon kunne, ana kuma sa na'urar taimaka wa ji. Yaron da jinsa ba zai dawo ba, yana da haƙƙin koyon maganar hannu da shiga makaranta kamar kowa. Ɓoye shi a gida zalunci ne.

Ga masu unguwanni da kansiloli da kwamitocin raya gunduma, muna roƙon su sa maganar kunne a cikin sanarwar da ake yi a masallatai da majami'u da wuraren suna, su shawarci masu injin niƙa su nisanta shi da makarantu, su kuma taimaka wa iyaye marasa hali da kuɗin mota idan an tura su asibitin cikin gari. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya. Shugabannin makarantun firamare za su iya tuntuɓar sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ke Kujama tun cikin watan Fabrairu, domin a turo ma'aikacin da zai duba kunnuwan ɗalibai a wannan rana.