Yadda Ake Koya Wa Yaro Kaɗa Jita

Galibinku kun taɓa ganin garaya ko kuntigi. Garaya tana da tsirkiya biyu, kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa guda ɗaya tak. To, akwai wata 'yar'uwarsu da ake kira jita, ita tsirkiyarta shida ce. A ƙasar Sifen aka gyara ta har ta sami siffar da muka sani yau, kuma wani massassaƙi mai suna Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892, shi ne ya fi kowa suna a wannan aiki. Yau za mu duba yadda malami gwani yake bi da yaron da bai taɓa riƙe ta ba.

Da fari malami ba ya barin yaro ya kaɗa kome. Sai ya zaunar da shi a kan kujera, ya ɗora masa jitar a cinya, ya nuna masa gaɓoɓinta. Ga ciki, watau akwatin katako mai rami a tsakiya, shi ke ƙara wa amo ƙarfi. Ga dogon wuya, an gitta masa 'yan ƙarafa kamar matakan tsani. Ga kai, inda aka jera kunnuwa shida, kowane da tsirkiyarsa. In an murɗa kunne tsirkiya ta yi tauri, sai muryarta ta yi sama. In an sassauta, sai ta yi ƙasa. Kafin kowane darasi sai an daidaita su duka shida, gama in yaro ya saba da amon da ba daidai ba, kunnensa ya lalace ke nan.

Sa'an nan a koma kan hannun dama. Yaro zai riƙa taɓa tsirkiya ɗaya ɗaya, yana sauraro. Nan zai gane cewa mai kauri babbar murya gare ta, siririya kuwa ƙaramar murya. Malami yana tafa hannu yana ƙirga, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu," yaro yana bugawa daidai da ƙirgar, kada ya riga, kada ya makara.

Bayan wannan sai hannun hagu, kuma a nan aikin yake. Dole yaro ya yanke faratansa, ya sa babban yatsa a bayan wuyan jita, ya tanƙwara sauran, ya danna tsirkiya da kan yatsa dab da ƙarfen. In ya danna nesa da ƙarfe, sai ta yi ta zuza kamar ƙuda. Ko kun san abin da dannawar nan take yi? Gajarta tsirkiya take yi. Tsawon tsirkiyar babbar jita wajen santimita 65 ne. In ka danna a ƙarfe na 12, ka raba ta biyu daidai, sai ka ji muryar farko ta komo, amma siririya, kamar yaro ya karɓi waƙa daga bakin babansa.

Da yatsu sun fara sabawa, sai a koya masa haɗin murya, watau ya danna tsirkiya biyu ko uku gaba ɗaya, ya shafo su da hannun dama. Malami yakan fara da wanda yatsu biyu kaɗai yake bukata. Waƙoƙi da yawa haɗi uku kurum ke ɗauke da su, saboda haka malami mai hikima yakan nemi wata gajeriyar waƙa da yaron ya riga ya sani, ya ɗora shi a kai. Ran da yaro ya ji waƙa ta fito daga hannunsa, ran nan ba sai an roƙe shi ya dawo ba.

Amma fa akwai wani wuri da masu koyo da yawa suke karaya. A kwanakin farko kan yatsu yakan yi zafi, ya yi ja, musamman in tsirkiyar ta waya ce. Shi ya sa ake son mai koyo ya fara da ta nailan, don ta fi taushi. Wajibi ne malami ya gaya wa yaro gaskiya tun da wuri, cewa zafin zai zo, kuma zai wuce. Cikin 'yan makonni fata takan yi kanta, kamar hannun manomi da ya saba da fartanya. Minti 15 kowace rana ya fi sa'a biyu a rana guda. Kuma kada a yi garaje: wanda ya koyi kuskure da sauri, sai ya sha wuya kafin ya rabu da shi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada wani ya ce rashin kuɗi ya hana shi. Akwai wani makaɗi Buzu a Jamhuriyar Nijar, ana ce da shi Mdou Moctar. Yana yaro bai sami jita ba, sai ya harhaɗa tasa da katako da wayar birkin keke, ya yi ta koyo. Daga baya ya kaɗa jita a gaban dubban mutane a Turai da Amurka. Ashe gaskiyar Hausawa da suka ce sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Tsirkiya nawa jita take da su?
2. Me ke faruwa in an danna a ƙarfe na 12?
3. Don me ake son mai koyo ya fara da tsirkiyar nailan?
4. Wane abu kake koyo yanzu wanda yake bukatar irin wannan haƙuri?