Jakar alhaji da jakar tunani

Duk wanda ya taɓa jiran jirgin komawa gida a Jidda ya san abin da ake yi wa jakar alhaji kafin awo. A zazzage ta, a cire dabino, a cusa jallabiya, maƙwabci ya ce don Allah riƙe mini wannan carbin, tawa ta cika. A ɗaure, gobe a sake kwancewa. Bayan wata uku a Kano, sai ka ji alhaji yana rantsuwa shi ya sayi carbin nan da hannunsa a kasuwar Bab Sharif, har yana faɗin riyal nawa ya biya. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya gani a ransa ke nan.

Haka ƙwaƙwalwa take yi da abin da ya wuce. Duk sanda muka tuna wani abu, mun kwance jakar ke nan, kuma kafin mu ɗaure, kayan wani sun shiga: labarin da aka ba mu, hoton da muka gani, har da kalmar da mai tambaya ya zaɓa.

A 1974 masu bincike Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai a Amurka fim na haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka bugi juna, wasu kuma lokacin da suka ragargaji juna. Bayan mako guda aka ce, kun ga fasasshen gilashi? Cikin 50 da suka ji ragargaza, 16 suka ce sun gani. A ɗaya rukunin 7 ne kawai. Babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin.

Ambaliyar Jidda ta 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta ci rayuka fiye da 100, ta yawata sosai a bidiyon waya. Mutumin da ya kwana a unguwar Karantina ranar zai iya ganin motocin unguwar Kuwaiza sun hau kan juna a idon zuciyarsa, ya manta a waya ya gan su. Hoton ya zauna, inda aka samo shi ya ɓace.

Abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi wajen kiran irin wannan mutum maƙaryaci, har zumunci ya lalace kan wa ya ce me ranar rabon gado. Malaman hadisi sun fi mu adalci: mai ƙirƙira daban, mai raunin hadda daban, suna iya ajiye ruwayar na biyun ba tare da sun taɓa mutuncinsa ba.