Sojan Roba Da Ya Kwana Biyu A Ƙasan Akwati

Daga Wakilinmu na Arewa

Cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Ibadan akwai waɗanda, in suka zazzage akwatinsu, za su tarar da wani ɗan kwali mai hoton soja, cikinsa da gutsattsarin roba, ga hannu can ga ƙafa can. An fara haɗawa da ɗoki, sai aiki ko aure ko canjin gari ya gitta, aka ture shi. To, yau ga bayani ga mai niyyar komawa kansa.

Kamfanoni biyu ne suka fi suna a wannan sana'a, watau Airfix na Ingila da Tamiya na Japan. Airfix ya karye a 1981, ya yi ta sauya hannu har kamfanin Hornby ya saye shi a 2006, saboda haka mai tsohon kwali ya riƙe abinsa da kyau. Lambar da ke jikin kwalin kuwa awo ce. In an rubuta 1/72, mutum mai tsawon ƙafa 6 ya koma inci 1 ke nan. In 1/35 ne, awon da Tamiya ya yaɗa a duniya, sojan zai kai kamar inci 2.

Kada a fara da fenti. A baje kayan a kan faranti, a ɗauko takardar bayani, a ƙirga su ɗaya ɗaya, don galibi ƙananan kaya irin su buta da bakin bindiga su ne ke ɓacewa. Daga nan a wanke da ruwa da sabulu. Wanda zafi ya lanƙwasa a tsoma shi a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, a miƙe shi a hankali. Gam ɗin wannan aiki narka roba yake yi ya haɗe ta, shi ya sa abin da aka liƙa a karkace shekaru goma da suka wuce ba ya ɓamɓaruwa da ƙarfi. Sai dai a sa reza a yanka, a goge da samfefa, a sāke liƙawa. Su kuwa ƙananan sojan nan na Airfix masu laushi, robarsu daban ce, ba ta kama gam, fenti ma yakan ɓare in an lanƙwasa su.

Tsohon fentin Humbrol na ɗan gwangwani, in ya yi kauri kawai, a ɗiga masa tina a dama. In ya daskare, a haƙura da shi. Danshin Kudu yana lalata takardun tambari, sai ka sa su a ruwa su wargaje. A gida kuma ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, don haka in an shafa fenti a kife kwano a kai ya kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne, ka buɗe kwalayen nan, Bature ne, Bajamushe ne, Ba'amurke ne. Alhali runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama, kuma 'yan Arewa sun yi yawa a cikinsu har Hausa ta zama harshen bariki. Su suka kama garin Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa ake da barikin Myohaung da na Arakan a Ikko, da na Letmauk a Ibadan. Yaranmu na wucewa ta ƙofarsu kullum ba su san mafarin sunan ba.

Mai ɗan haƙuri zai iya gyara wannan a kan teburinsa. A ɗauki sojan Ingila mai gajeren wando, irin na yaƙin hamada, a yanke hular kwanon, a ɗora masa jar dara, a yi masa jar falmaran mai bakin rawaya da jar ɗamara bisa kaki, ga sojan fareti ya fito. In na dajin Bama ake so, sai koren kaya da malafa da adda a ƙugu. Fatar jiki kada a shafa baƙi wuluk, domin yana kashe fuska. A gauraya ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja, a ƙara haske a goshi da kumatu.

Na san akwai masu ƙyamar ajiye siffar mutum a ɗaki saboda addini, kuma ba maganar wasa ba ce. Mai shakka ya tambayi malaminsa, ko ya tsaya kan motoci da tankoki da jirage, su ma aikin ya ishe shi. Wanda ya ci gaba kuwa, in akwai tsohon hoton mahaifi ko kaka da kakin soja a gida, ya aika a kawo masa kafin ya buɗe gwangwanin fenti.