Takardun da Ake Buƙata Kafin a Zama Injiniyan Jirgin Sama

Manoman Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa sun saba ganin jirage suna wucewa ta saman gonakinsu za su sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Kowane ɗaya daga cikin jiragen nan bai tashi ba sai da wani injiniya ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau. Muna so mu bayyana wa iyaye da dagatai da jami'an ilimi na ƙananan hukumomi yadda yaro ke kai wa ga wannan matsayi.

Tushen abin yana sakandare: kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi da Fizis da Kimistiri, irin darussan da ake koyarwa a Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa. Daga nan ɗalibi na iya neman Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko kuma digiri a Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna.

Inda ake yawan samun ruɗani shi ne bayan kammala karatu. Digiri ko difloma ba lasisi ba ne. Mai digiri yakan yi rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, bayan ya yi shekaru huɗu yana aiki, sannan a kira shi injiniya a hukumance. Amma ikon sa hannu a kan jirgin fasinja, Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, ita kaɗai ke bayar da shi. Sai mai nema ya kai shekara 18, ya ci jarrabawar hukumar, ya kuma nuna shaidar shekarun da ya yi yana gyara a ƙarƙashin mai lasisi. Ko bayan haka ma, lasisin yakan ambaci irin jirgin da aka yarje masa. Wanda ya ƙware a Boeing 737 ba zai sa hannu a kan wani samfurin ba sai ya sake samun horo.

Saboda haka muna jan hankalin iyaye: kafin a jinginar da gona ko a sayar da shanun huɗa domin kuɗin makaranta, a gida ko a waje, a tabbatar daga NCAA cewa ta amince da makarantar. Masu neman tallafin Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Jihar Kano kuma su tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarsu tun da wuri.