Bado da Kududdufi: Dashen Tsiron Ruwa a Ƙasar Noma ta Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan bado da yadda ake iya dasa shi a ɗan ƙaramin tafkin gida ko na lambu a karkarar arewacin Kano. Ta nuna cewa rayuwar wannan tsiro a ɗaure take da cika da ƙafewar kududdufi, don haka duk mai son raya shi zai fi dacewa idan ya bi tsarin damina da rani na ƙasar Hausa, maimakon ƙa'idojin da aka tsara domin lambunan ƙasashen sanyi. Haka kuma ta taɓo matsayin bado a abincin Bahaushe da haɗarin tsargiya da ke tattare da ruwan da yake so.

1.0 Gabatarwa

Hausa ta bambanta shuka da dashe. Iri ake shukawa, kamar gero da dawa, amma tsiron da ya riga ya fito shi ake cirewa a dasa, kamar albasa da tumatir. Akwai kuma tsirran da ba a yi musu ko ɗaya daga cikin biyun, su ne waɗanda suke fitowa da kansu, kuma a cikinsu ne kainuwa ta sami kirarinta na dashen Allah. Bado yana cikin wannan rukuni na uku. Manomin Bichi ko Dawakin Tofa ya san shi sarai, ya ga furensa fari a kan ruwa da sanyin safiya, wataƙila ma ya ci 'ya'yansa yana yaro, amma da wuya a sami wanda ya taɓa tunanin dasa shi. Kalmar lambu kanta a Hausa tana nufin wurin noman rani da ake ban-ruwa domin kayan miya, tsiron da ake ajiyewa don ado kuwa sunan aro aka ba shi, wato fulawa. Masanin al'adun al'umma Jack Goody ya yi dogon bayani a littafinsa na 1993 a kan ƙarancin al'adar raya furanni a Afirka kudu da Sahara. Ko da an yarda da shi, bado ya nuna cewa rashin dasa tsiro don ado ba ya nufin rashin saninsa.

2.0 Kududdufi a Ƙasar da Babu Fili

Yankin da ake magana a kai shi ne wanda Michael Mortimore ya yi nazari tun shekarun 1960, ya bayyana shi a matsayin ƙasar da jama'a suka yi cinkoso a kewayen birnin Kano. A nan fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasa gona ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni da jakuna suke kaiwa a mangala. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Ɗambatta zuwa Tsanyawa, ƙasar galibi jigawa ce, ruwa ba ya zama a kanta. A irin wannan wuri ba a barin fili ya zauna banza, balle a ce a haƙa tafki domin sha'awa.

Duk da haka kusan kowane gari yana da ruwansa na kwance. Ginin ƙasa ne ya samar da shi. Inda aka ɗebi ƙasar tubali da ta yaɓe shekara da shekaru, nan rami yake zurfi har ya kai ga laka mai riƙe ruwa, damina kuma ta cika shi. Wannan shi ne kududdufi, kuma ya bambanta da tafki, wanda kwari ne na asali, ya kuma bambanta da fadama, wadda ƙasa ce mai dausayi. Kududdufi yana shayar da dabbobi, yana ba magina ruwan kwaɓa, yana karɓar ruwan da ya kwararo daga lunguna, sa'annan idan ya ƙafe a kwashe baƙar ƙasar gindinsa a kai gona. Tsuntsayen ruwa da ambaliya su ne suke kawo masa irin bado, har ya wayi gari da ganye shimfiɗe a samansa ba tare da hannun kowa ba.

Wannan gurbi yana raguwa. Bulon siminti ya rage haƙar sababbin ramuka, tsadar fili kuma ta sa ana cike tsofaffin da shara a yanka su fuloti, abin da mazauna birnin Kano suka daɗe suna dangantawa da yawaitar ambaliya a unguwanni. Gaskiya ne madatsun ruwan da aka gina tun daga shekarun 1970, irin su Tomas da Gari da Watari, sun samar da sababbin gaɓoɓi da bado yake fitowa, amma waɗannan suna nesa da ƙofar gida. Yaron da ya tashi a garin da aka cike kududdufinsa zai iya girma bai taɓa ganin bado ba, kuma sunan tsiro ba ya daɗewa a bakin wanda bai san tsiron ba.

3.0 Yadda Bado Yake Rayuwa

Tun 1916 J. M. Dalziel ya kawo bado a littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa, ya daidaita shi da abin da masana tsirrai suke kira Nymphaea lotus, wato mai farin fure da ganye mai zarto a gefe. Akwai kuma danginsa masu fure shuɗi-shuɗi a Afirka ta Yamma, kamar Nymphaea micrantha, wanda yake fitar da ɗan tsiro a tsakiyar ganyensa, daidai inda ganyen ya haɗu da silinsa.

Bambancinsa da kainuwa shi ne mabuɗin fahimtarsa. Kainuwa tana yawo a kan ruwa, saiwoyinta a rataye, iska tana kaɗa ta duk inda ta so, kuma ranar da ruwa ya ƙafe ta mutu. Bado kuwa a kafe yake a cikin laka. Abin da ake gani a sama ganye ne kawai da fure, kowanne a kan dogon sili mai ramuka a ciki, waɗanda ta cikinsu iska take sauka zuwa saiwar da ke binne a taɓon da babu iska. Ƙofofin numfashin ganyen a samansa suke, saɓanin yawancin tsirran tudu, shi ya sa ruwa mai fantsama ko mai igiya yake cutar da shi.

Furen farin bado yana buɗewa da almuru, ya kwana a buɗe, ya rufe da hantsi, ya maimaita haka dare uku ko huɗu. Ƙamshinsa yana jawo wasu ƙwari na dangin buzuzu, su ne suke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Da zarar ya sami barbara sai silin ya lanƙwashe ya ja shi ƙarƙashin ruwa, a can ƙwallon yake nuna. Idan ya fashe, 'ya'yan, waɗanda ba su kai ƙwayar gero girma ba, sukan yi iyo na ɗan lokaci saboda wata 'yar jaka mai iska da ta lulluɓe su, daga baya su nutse a wani wuri dabam.

Mafi muhimmanci ga mai dashe shi ne abin da ke faruwa bayan kaka. Yayin da ruwa yake ja baya, tsiron yakan tara abinci a saiwarsa, ta ƙulle ta yi kauri kamar ƙaramin dankali. Ganye ya bushe, laka ta tsattsage, dabbobi su bi ta kai, amma ƙullutun yana nan da rai har ruwan farko ya jiƙa shi. Masunta sun san irin wannan dabara a wurin gaiwa, wadda take kwana a busasshiyar laka tsawon rani. Ke nan ƙafewar kududdufi wani zango ne a rayuwar bado, kamar yadda cikarsa take.

4.0 Bado a Matsayin Abinci

Wannan ƙullutu mai sitaci da 'ya'yan da ke cikin ƙwallon su ne suka ba bado gurbi a abincin Bahaushe. Ana dafa saiwar ko a gasa, ana shanya 'ya'yan a daka. A shekarar ƙoshi abin marmarin yara ne da makiyaya. A shekarar yunwa, irin ta Kakalaba a 1913 zuwa 1914 ko farin 1972 zuwa 1974, tsirran daji da na ruwa ne suke riƙe mutane kafin sabon hatsi, kuma bado yana cikin waɗanda aka sani da wannan aiki a faɗin Sahel. Al'adar tsohuwa ce ƙwarai: Herodotus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya bayyana yadda mutanen Masar suke shanya 'ya'yansa su niƙa su yi gurasa, suna kuma cin saiwarsa. Har yau mutanen fadamun Sudan ta Kudu suna komawa gare shi idan ambaliya ta cinye gonaki.

5.0 Dasa Shi a Ƙaramin Tafki

Yawancin shawarwarin da ake samu a littattafai da intanet an rubuta su ne domin ire-iren badon da Joseph Latour-Marliac ya fara haɗawa a Faransa bayan ya kafa gandunsa a 1875, waɗanda mai zane Claude Monet ya dasa a tafkinsa na Giverny. An samar da su ne don su jure ƙanƙara. Matsalar Kano dabam ce: zafin bazara da ke shanye ruwa, da ƙasa mai rairayi da ba ta riƙe shi. Badon gida ya riga ya saba da duka biyun.

Tafki mai faɗin mita 2 zuwa 3 da zurfin santimita 60 zuwa 80 ya isa tushe ɗaya, domin farin bado yana shimfiɗa ganye da yawa, biyu za su cunkushe. A jigawa dole a daɓe ramin da laka mai kauri ko a yi masa siminti. Idan siminti ne, sai a cika shi a zubar sau da yawa cikin mako biyu kafin dashe, saboda kaifin sabon siminti yana ƙona saiwa. Wurin ya zama mai samun rana aƙalla awa shida. Gindin darbejiya ko mangwaro bai dace ba, inuwa tana hana fure, ganyen da ke zuba kuma yana ruɓar da ruwa.

Lokacin neman iri shi ne ƙarshen rani, sa'ad da gindin kududdufi ya bushe ana iya tono ƙullutun da fartanya. A zaɓi mai tauri, a wanke shi tas. Ƙasar da yake so ita ce baƙar lakar fadama ko ta kududdufin kansa. Rairayi ba shi da abinci, ɗanyen taki kuwa yana sa ruwa ya yi kore da gansakuka, don haka idan za a sa taki sai wanda ya ruɓe sosai, a binne shi can ƙasa. An fi samun sauƙi idan aka dasa a tsohuwar tukunya mai faɗin baki ko baho, a bar idon tsiron a waje, a rufe saman ƙasar da tsakuwa don kada ta dama ruwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne nutsar da sabon dashe a zurfi tun ranar farko. Kududdufi ba ya cika dare ɗaya, kuma silin ganye yana tsawo ne gwargwadon yadda ruwa yake hawa. Saboda haka a ɗora tukunyar a kan bulo yadda ruwan da ke samanta ba zai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, duk lokacin da sababbin ganye suka iso sama a rage bulo ɗaya. Idan an yi dashe a farkon damina, ana sa ran fure kafin ta ƙare. Ganye ya rufe kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku na fuskar ruwan, abin da ya haura a rage, wanda ya yi rawaya a tsinke shi daga gindi. Awaki da agwagi suna cin sa, ga kuma ƙananan yara da ruwa mai zurfin gwiwa ya isa ya halaka, don haka danga wajibi ce.

Daga Disamba zuwa Janairu sanyin hunturu yakan sa tsiron ya daina fure, ganyensa ya ƙanƙance. Mai lambu yana da zaɓi biyu. Ko dai ya ci gaba da ƙara ruwa, yana sane da cewa a Maris da Afrilu rana tana iya ɗauke fiye da rabin santimita kullum, ko kuwa ya bar tafkin ya ƙafe kamar yadda kududdufi yake yi, ya ajiye tukunyar a inuwa har damina. A garin da ake sayen ruwa a jarka, na biyun ya fi hankali, kuma yana da wata fa'ida da ta shafi lafiya.

6.0 Tsargiya da Sauro

Ruwan da bado yake so shi ne wanda ƙananan dodon koɗi na dangin Bulinus suke so, kuma su ne suke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar fitsarin jini da ta zama ruwan dare tsakanin yaran da ke wanka a kududdufai da bakin madatsu. Suna maƙalewa a bayan ganyen bado, a nan suke yin ƙwai. Wanda ya tumɓuko tsiro mai ganye daga ruwan da jama'a suke shiga yana iya kawo su gida, kuma wanda ya riga ya kamu a cikinsu zai yi makonni yana sakin ƙwayar cutar a ruwa. Wannan ne dalilin fifita busasshen ƙullutu da aka wanke, da kuma shanya lakar da za a yi amfani da ita a rana sosai, tun da wasu daga cikin waɗannan halittu suna iya kwana a laka tsawon rani. Cutar ba ta ɗorewa sai fitsarin mai ɗauke da ita ya shiga ruwan, saboda haka tafkin da ba a wanka ko fitsari a cikinsa ba ya zama masaukinta. Barinsa ya ƙafe sau ɗaya a shekara yana rage yawansu ƙwarai.

Sauro ma yana ƙwai a ruwan kwance. Maganinsa ƙananan kifaye masu cin tsutsarsa, waɗanda za a kwashe kafin a bar ruwan ya ƙafe. Tarwaɗa tana dama laka ta tumɓuke dashe, manyan karfasa kuma suna cin sabon toho, don haka ba su dace ba. Kainuwa ma a nisanta ta da tafkin, domin cikin 'yan makonni takan rufe ruwan ta hana bado rana, kuma tsutsar wani nau'in sauro a jikin saiwoyinta take maƙalewa tana shaƙar iska, inda kifi ba ya saurin kai mata.