Kwamfuta Ta Hana Ka Ajiya? Nemi Mabuɗi, Kada Ka Fasa Ƙofa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta na ƙasar Rogo da Karaye.

Sau da yawa malami yakan gama rubuta sakamakon jarrabawa, ko akawu ya gama lissafin albashi, in ya zo ajiyewa sai kwamfuta ta ce ba shi da izini, ko ta ce faifan a kulle yake. Masu gyara kuwa galibinsu suna Kano, tafiya mai nisa. Saboda haka waɗansu sukan yi wa faifan fomatin, watau su share shi ƙaƙaf, aikin shekara ya salwanta. Wannan daidai yake da mutumin da mabuɗi ya ɓace masa ya sa wa ɗakin wuta. Makullan nan guda biyar ne, a bi su ɗaya ɗaya.

Na fari, katin memori babba yana da ɗan maɓalli a gefensa. In ya zame ƙasa, ba a iya rubuta kome. A tura shi sama, shi ke nan.

Na biyu, matsayin mai aiki. Kamar yadda ba kowane ma'aikaci ke riƙe mabuɗin Baitulmali ba sai Ma'aji, haka Windows ta raba mutane biyu: akwai admin, watau mai riƙon mabuɗi, akwai kuma talakan ma'aikaci. Ba a yarda wa na biyun ya yi ajiya a ɗakin da Windows kanta take ba. Tun fitowar Windows Vista a 2007, ko admin ma sai an tambaye shi tukuna. Maganin abin, ka ajiye aikinka cikin Documents.

Na uku, mallaka. Faifan da ke bisa tsarin NTFS yana riƙe da shaidar mai kowane fayil da lamba, ba da suna ba. In an ciro shi daga tsohuwar kwamfuta, sabuwar ba ta san lambar ba. Sai admin ya danna dama a kan jakar, ya shiga Properties, sa'an nan Security, sa'an nan Advanced, ya mai da mallakar gare shi. Amma fa kada a yi wa jakar Windows haka. Tsarin FAT32 ba shi da wannan makulli, sai dai ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Kwamfutar Mac kuma tana karanta NTFS, amma ba ta rubutu a kai.

Na huɗu, alamar "karatu kaɗai" da kan hau faifai. Admin ya buɗe diskpart, ya rubuta list disk, ya gane faifansa ta wurin girmansa, ya rubuta select disk da lambarsa, kana attributes disk clear readonly. A yi hattara ƙwarai, gama kalmar clean a wurin nan ɓad da faifai duka take yi.

Na biyar shi ne mai ban tsoro. Filashi yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka. In ya tsufa, yakan kulle kansa don abin da ke ciki ya tsira. Wannan ba shi da mabuɗi. A kwashe kome nan da nan, a sayi sabo.

Ina jan kunnen shugabannin ofisoshi da hedimastoci: kada don gudun wahala ku raba wa kowa kalmar sirrin admin. Ƙwayar cutar da ta biyo filashi daga shagon buga takardu, ikon wanda ya buɗe ta take samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Mutum biyu amintattu su riƙe ta, kowace takarda mai muhimmanci kuma a ajiye ta wuri biyu, gama rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Rogo Ruma.